Mashin Ɗin Na'Allah da Waken Inna

A Dakoro, zamanin da Nasara ke mulki, akwai wani mutum Na'Allah wanda bai taɓa cewa "ban iya ba" tun da uwarsa ta haife shi. Shi ne ya gyara agogon kumandan, Baturen da ke mulkin garin, agogon ya koma tafiya da baya. Shi ne ya yi wa rijiyar unguwa murfi, aka kwana biyu ana neman yadda za a buɗe ta. Duk wannan bai rage shi da komai ba. Aikinsa na gaskiya shara ce da riƙe igiya a gidan lokotoron bisashe, wato Baturen da ke duba lafiyar dabbobi, amma in ka tambaye shi sai ya gyara hula ya ce shi ne na biyun lokotoro.

Matarsa Dela ta daɗe da sanin halin kayanta. Ya tsaga mata turmi, ta yi shiru. Ya huda mata tukunya wai don tuwo ya riƙa shan iska, ta yi shiru. Abu ɗaya ne a gidan ta ja masa layi a kai: wani tulu da ke ƙuryar ɗakinta, an liƙe bakinsa da laka. A ciki akwai irin wake tiya biyu, an cuɗe shi da toka don ƙwari. Waken mahaifiyarta ne, Inna, da ta rasu a Sabon Maci: fari, ƙanana, mulmulalle, mai nuna da wuri tun kafin ruwa ya ɗauke. Duk ƙasar babu mai irinsa sai Dela. Kowace shekara sai ta zauna ta tsince na iri ɗaya bayan ɗaya, tana yi tana tuna uwarta.

Wata rana da la'asar, cikin bazara, ana zaune a rumfar Hama maƙeri, sai ga malamin lakwal, wato makarantar boko, Mushe Bubakar, da wata jarida mai hotuna da ya samo a bariki. Ya buɗe wani shafi, aka yi caa a kansa.

Hama ya ce, "Mushe, wanga ɗaki mi ne ne da igiyoyi haka? Masaƙa ce?"

"Mashin ne, can Amirka. Lissahi yake yi. Abin da zai ɗauki mutum wata da watanni, shi kahin ka sha hura ya gama. Ɗakin ga duka shi ne, nauyinshi ya hi na raƙuma hamsin."

Da ya ga an buɗe baki, sai malanta ta motsa. Ya ba su labarin wani saurayi Bafaranshe, Paskal, da ya ƙera akwatin lissafi mai ƙafafun ƙarfe masu haƙora tun bai cika shekara ashirin ba: in ƙafar farko ta kai goma, sai ta tura ta biyu taki ɗaya. Ya ba su na masaƙin da ya koya wa masaƙa zane da takardu masu huji. Ya ba su na wani Ingilishi da ya ƙare rayuwarsa a kan wani ƙaton mashin, har ya mutu bai gama ba.

Na'Allah ya ɗaga hannu. "Tsaya, Mushe. Goma ta cika, ta tura ɗaya gaba. Shi ke nan?"

"Tushen ke nan."

"Yo wannan har sai an tahi Amirka? Yaro ɗan sha tara ya yi, ni da na ba arba'in baya? Shi ko Ingilishin raggo ne, Allah shi jiƙanshi. Raƙumi hamsin! Nawa jaki ɗaya zai ɗauke shi."

Hama ya ce, "Agogon kumandan ma jaki ɗaya ya ɗauke shi zuwa Maradi wurin gyara."

"Agogon nan lahiyarshi lau. Lokacin da ya wuce yake nunawa, ba kowa ke ganewa ba."

To, a lokacin lokotoro na cikin wata damuwa. Kowace shekara ana yi wa shanu allurar bushiya, ciwon nan da ke share garke, kuma maganin daga nesa ake aiko shi. Sai ya faɗi yawan shanu kafin a aiko. Makiyaya kuwa ba sa yarda a ƙirga musu dabba. Da sun ga mutum ya tsaya yana nuna shanu da yatsa yana motsa baki, sai su kaɗa garke su yi arewa. Bara magani ya ƙare ana tsakiyar aiki, bana kuma lokotoro ya rantse ba za a maimaita ba.

Washegari Na'Allah ya jingine tsintsiya, ya ja Mushe ya yi masa tafinta, ya shaida wa lokotoro cewa matsalarsa ta ƙare. Baturen ya dube shi daga hula har takalmi, ya tuna agogo, amma da yake ya rasa dabara sai ya ɗaga kafaɗa ya ba shi kwana goma.

Daga nan Na'Allah ya zarce bakin rijiya wurin Jimrau, dattijon makiyayan da suka sauka kusa da gari. In Jimrau ya yarda, sauran za su bi.

Jimrau ya ce, "Ba a ƙirga nagge. Shekarar da aka ƙirga na babana, rabinsu ba su ga kaka ba."

"Baffa, wa ya ce mutum zai ƙirga? Itace ne da ƙorai. Itace na da ido?"

"Babu."

"Ƙwarya na da baki?"

Jimrau ya dogara da sandarsa ya yi tunani mai tsawo, har wata saniya ta gama shan ruwa. Sannan ya ce, "In babu ido babu baki, zan kawo. Amma kada kunnena ya ji yawansu."

Aka shiga aiki. Na'Allah ya samo ƙafar mataccen keke a bayan bariki, ya ari ƙararrawar jakin maƙwabci, ya kwashe ƙoran Dela uku da ludaya biyu. Ga yadda abin yake. A bakin siririn lungun itace da shanu ke bi ɗaya bayan ɗaya in za a yi allura, ya gitta sanda. Saniya ta ture sanda da ƙirji, igiya ta ja ƙafar keke, ƙararrawa ta yi ƙara, wata gora da ke rataye a sama ta saki ƙwaya ɗaya cikin ludayi. Ƙwaya goma ta taru, ludayi ya rinjaya ya zube, ya fizgi zare, ƙwaya ɗaya ta faɗa ludayi na biyu. Ƙwaryar farko ta ɗaiɗai, ta biyu ta gomomi, ta uku ta ɗaruruwa. Ya raɗa masa suna Ba-Kuskure tun kafin ya ɗaure igiyar ƙarshe.

Saura ƙwayar da za a zuba a gora. Ya fara da tsakuwa. Ta farko ta faɗo, ta biyu ta toshe wuyan gora. Ya leƙa ta ƙasa ya ga abin da ya tsare, sai duk suka zubo masa a goshi.

Ya koma kashin awaki, wai Allah ya riga ya mulmula shi daidai. Rana ta gasa shi ya zama gari, ya turo sanda, garin ya bi iska ya sauka a kan mai tallan nono. Sai da Hama ya shiga tsakani.

Ya koma gyaɗa. Nan abin ya fara tafiya. Ya sa 'yan rumfa su bi ta lungu a matsayin shanu, mutum goma sha biyu. Da ya zagayo ya duba ƙwarya, sai ya tarar da gyaɗa biyu.

"Ina sauran?"

Hama na tauna ya ce, "Wane saura?"

"Hama, lissahi kake ci!"

"Ni dai na ga gujiya cikin ƙwarya ba mai ita. Amma wallahi lissahin ga naka ya ji rana, da daɗi."

Kwana bakwai suka wuce haka. A na takwas Dela ta shirya za ta suna garin Ajekoriya, kwana uku. Ta ɗora kaya a ka, ta tsaya a bakin zaure.

"Malam, na ga ƙoraina sun tahi aikin Nasara, ban ce komi ba. Kome za ka taɓa a gidan ga ka taɓa, ban da tulun Inna."

"Ni? Mi zan yi da wake? Ni mutumin ƙarhe ne."

Gaskiya ya faɗa, don har lokacin tunanin bai zo masa ba. Ita ce ta kawo shi. Tana ɓacewa a kwanar hanya ya tsaya da baki buɗe. Wake! Ɗanye, mai tauri, ba mai iya taunawa, kuma an tsince shi ɗaya bayan ɗaya, kowace ƙwaya kamar 'yar'uwarta. Ya shiga ɗaki ya fita sau uku. A na huɗu ya ce wa kansa ai aro ne, ƙirga ba ta cinye wake, kafin ta dawo ya mayar ya liƙe da sabuwar laka. Ya fasa bakin tulun, ya sheƙe tokar, ya juye tiya biyun nan duka cikin gora.

Abin mamaki, sai Ba-Kuskure ya yi aiki. Ya ja jaki ta lungu sau goma, ƙararrawa ta buga sau goma, ludayi ya rinjaya, ƙwaya ɗaya ta faɗa gaba. Na'Allah ya rungume jakin. Ranar ya zagaya kasuwa sau biyu ba abin da zai saya, yana gaya wa mutane cewa za a buga hotonsa a jarida kusa da na Paskal.

Mushe ya zo ya duba, ya jinjina kai, ya ce, "Tsarin ya yi. Amma ka gwada da saniya?"

"Mushe, ƙahwa huɗu ƙahwa huɗu ce. Lissahi bai san jaki da saniya ba."

Ranar da aka sa, tun da hantsi filin allura ya cika. Masu kasuwa sun bar rumfuna, mata sun leƙo ta kan danga, Buzaye biyu sun tsaya a kan raƙumansu don su fi kowa gani. An ajiye wa lokotoro kujera a inuwa, Mushe na tsaye kusa da shi. Na'Allah ya sha rawani na aro. Can sai ga Jimrau da garkensa: jajayen shanu masu dogayen ƙahoni, waɗanda bazara ta rame su, wata uku ba su ga ɗanyen abu ba.

Na'Allah ya yi gyaran murya. "Jama'a, abin da za ku gani yau, ko a Amirka sai mai babbar hula ke ganinshi. Kowa shi ja baya, kada numfashinku shi ruɗa lissahi."

Saniyar farko ta shiga, ta ture sanda. Ƙararrawa ta ce ƙilin! Wake ɗaya ya faɗo. Jama'a suka ɗauki kabbara. Ta biyu, ƙilin! Ta uku, ƙilin! Lokotoro ya gyara zama ya cire tabarau ya goge. Bakin Na'Allah har kunne.

Sai wani ɗan maraƙi ya bi ta ƙarƙashin sanda ya wuce abinsa. Ƙararrawa ba ta buga ba.

Hama ya ce, "Wancan hwa?"

"Bai balaga ba. Ba-Kuskure ba ya ƙirga yara."

Ta biyar wata tsohuwar saniya ce mai ƙaiƙayin wuya. Da ta ji sanda a maƙogwaro sai ta tsaya, ta lumshe ido, ta shiga susa. Ƙilin, ƙilin, ƙilin, ƙilin! Wake na zuba kamar an buɗe rumbu. Ludayi ya rinjaya, ya dawo, ya sake rinjaya. Lokotoro ya yi magana, Mushe ya juya.

"Ya ce saniya ɗaya yake gani, mi ya sa ƙararrawa ta buga arba'in?"

Gumi ya karyo wa Na'Allah ta ƙarƙashin rawani. "Gaya mishi tana da ciki. Mashin ɗin har na ciki yake gani."

Wata tsohuwa daga bayan danga ta ce, "Arba'in? Saniya ce ko zabuwa?"

Aka tuntsire da dariya. Na'Allah ya zagaya ya turo saniyar ta baya, ta ba shi amsa da wutsiya a fuska, ta wuce tana waiwayen sandar.

Bayanta sai babban bijimin garken. Jaki ba shi da ƙaho, kuma a nan lissafin Na'Allah ya tsaya. Ya rataye gora daidai tsawon kunnen jaki da ɗan ƙari. Bijimi ya shigo, hancinsa ya ɗauko ƙanshin wake, ya ɗaga kai ya shaƙa. Ƙahon dama ya shige cikin igiyar gora, na hagu ya shige tsakanin wayoyin ƙafar keke. Ya girgiza kai, ƙararrawa ta buga a kunnensa. Ya firgita, ya yi gaba da Ba-Kuskure gaba ɗaya a kansa.

"Tsaya! Kai, tsaya! Ba haka ake bi ba!"

Na'Allah ya yi tsalle ya cafke igiya. Igiya ta naɗe masa ƙafa. Bijimi ya fita lungu ya shiga fili a guje, ƙafar keke na juyawa a ƙahonsa, ƙararrawa na bugawa, gora na feshin wake hagu da dama, mai mashin na biye a ƙasa a kan gadon bayansa. Rawanin aro ya warware ya bi su kamar jela. Sauran shanun da suka ga abinci na zubowa daga sama, sai suka ture dangar lungu suka bi sahu. Kujerar lokotoro ta tafi, shi kansa sai ganinsa aka yi a kan wata karaga ta itace da ke gefen fili, hularsa a hannu. Raƙuman Buzaye suka juya da masu su suka nufi kasuwa.

Sau uku bijimi ya zagaya filin. Kowane zagaye in an zo daidai rumfa, Hama sai ya ɗaga murya: "Na'Allah, nawa aka samu yanzu?"

Jimrau ne ya kawo ƙarshen abin. Bai yi gudu ba, bai ɗaga sanda ba. Kira ɗaya ya yi da harshensu, bijimin ya tsaya cak, ya tako a hankali ya sunkuyar masa da kai. Ya zare ƙafar keke, ya zare fasasshiyar gora, ya ajiye a ƙasa.

Na'Allah ya miƙe, riga ta koma rabi, baki cike da yashi. Wani ne da sai ya nemi hanyar gida. Shi kuwa sai ya kakkaɓe jiki ya ɗingisa zuwa inda ƙorai suke. Biyu sun fashe. Ta ɗaruruwa ce ta tsira, da 'yan ƙwayoyi a ciki. Ya tsuguna ya ƙirga su, ya miƙe, ya manta sharaɗin Jimrau sarai, ya buɗe murya yadda har na kasuwa za su ji:

"Shanun Jimrau dubu huɗu ne da ɗari bakwai!"

Kowa ya juya wurin dattijon, ana jiran ya kaɗa garke ya yi arewa, aikin allura ya lalace. Jimrau ya dubi 'yan shanunsa, waɗanda ko rabin filin ba su cika ba. Ya dubi Na'Allah. Sai kafaɗunsa suka fara rawa, ya yi dariya har ya zauna a ƙasa.

"Alhamdu lillahi," in ji shi yana share hawaye. "Ba nawa aka ƙirga ba. Mashin ɗinka mai albarka ne, ɗana. Gobe ma in kana so zan kawo su."

Yana cikin dariyar ya ɗaga kai ya yi wa garken kallo ɗaya, ya ce saniyarsa Wule ba ta nan. Ya kira sunanta, sai ga ta ta fito daga bayan gidan lokotoro da ganyen lambu a baki. Baturen ya sauko daga karaga ya tambaya ta bakin Mushe ko kowace saniya na da suna. Jimrau ya ce yo da fa, akwai mai rai marar suna? Aka tambaye shi ko zai yarda ya kira su Mushe ya rubuta sunayen. Ya ce suna ba ƙirga ba ne, a rubuta. Lokotoro ya karɓi takardar ya shige ofis ya rufe ƙofa, abin da ya yi da layukan a ciki ba wanda ya tambaye shi.

Na'Allah na shirin cewa dama dabararsa ke nan tun farko, sai ya ga jama'a na darewa. Dela ce. Ta dawo da kwana ɗaya kafin lokaci, ko kaya ba ta sauke daidai ba, hannunta duk toka. Ta tsaya ta dubi filin da kofato ya tattake. Ta sunkuya ta ɗauki ƙwayar wake ɗaya, ta hure mata ƙasa. Ba ta yi ihu ba, kuma da ta yi da ya fi masa sauƙi.

"Malam, mutumin ƙarhe."

"Dela, aro ne na yi..."

"Abu ɗaya Inna ta bar mini. Ba zane ba, ba tasa ba, shi ɗai." Ta damƙe ƙwayar waken a tafinta. "In damina ta wuce ban ga huren waken ga ba, Sabon Maci za ni, kuma kada ka aiko kowa biko."

Ta juya. Wannan karon ko Hama bai yi dariya ba. Na'Allah ya ji tsoron da bai ji ba lokacin da bijimi ke jansa, don ya san Dela ba ta faɗin abin da ba za ta yi ba, kuma ya san gidan nan in babu ita kango ne.

Kwana uku ya yi a filin da rariya, yana tankaɗe yashi da kashin shanu cikin zafin bazara. Masu wucewa na ce masa sannu da lissafi. Abin da ya samu bai cika ludayi ba, rabi ma fasasshe. Ruwan farko ya sauka, Dela ta shuka su a bayan gida. Bakwai suka tsiro. Ruwa ya ɗauke kwana goma sha biyar, bakwai ɗin suka bushe. Ranar da na ƙarshe ya kwanta, ta fara wanke kayanta tana ninkewa. Na'Allah ya daina zuwa rumfa, tuwo ma sai ya sa hannu ya cire.

Sai ruwa ya dawo da ƙarfi, kwana biyu a jere. Makiyaya sun riga sun yi arewa da shanunsu kamar yadda suke yi kowace damina, filin allura ba mai shiga. Da safe lokotoro ya aike shi ya gyara dangar da ta faɗi. Ya isa, ya tsaya, ya murza ido. Filin nan kore shar. Ba ko'ina ba: wani faffaɗan zobe ne, ya zagaya fili sau uku, daidai hanyar da bijimi ya ja shi. Kofato ya binne waken, taki ya rufe shi, ruwan farko bai kai gare shi ba sai wannan.

Da gudu ya iso gida, takalmi ɗaya a ƙafa. Dela ta zo ta durƙusa ta shafa ganye, ta juya bayansa ta duba, ta ce na Inna ne. Ta yi kuka, shi ma ya yi, ko da yake daga baya ya ce ƙasa ce ta shiga idonsa.

Lokotoro ya ce a bar filin har kaka. Na'Allah ya tattaro gawar Ba-Kuskure, ya gitta sandar a ƙofa ya ɗaura ƙararrawa. Duk akuyar da ta turo kai, ƙilin, sai ya taso da bulala. Iyakar aikin kirki da mashin ɗin ya yi a duniya ke nan, kuma ya yi shi ba kuskure.

Da kaka aka roro waken, aka sussuka. Tulun Inna ya cika, aka aro na maƙwabta biyu suka cika. Dela ta kwance kayan da ta ninke. Ranar ta yi tuwo da miyar wake, ta kawo zaure inda Hama da Mushe suka zo barka. Ƙanshi ya bugi Na'Allah, tsohon hali ya motsa. Ya gyara hula.

"Mushe, ka rubuta ma masu jaridar nan. Na Paskal tarawa yake yi. Na Amirka raƙumi hamsin. Nawa ko, tiya biyu na zuba mishi, dubi abin da ya hiddo. Ninkawa yake yi! Ni kaina ban san na kai haka ba. Baɗi in Allah ya kai mu, zan ƙera babba, na ƙirga raƙuma."

Dela na tsaye a bakin ƙofa. Ta tako ta miƙa wa Hama akushi, ta miƙa wa Mushe, ta ɗauke na gaban mijinta daidai lokacin da ya kai hannu.

"Ina za ki da shi?"

"Wurin mashin ɗinka, Malam. Tunda ninkawa yake yi, bari in zuba mishi tuwonka. Sai ka jira damina."